Shekara uku a kwamitin kula da makarantar firamaren unguwarmu: ko ya cancanci mutum ya karɓa?

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci mai unguwa ya aiko yaro shagona cewa yana nemana. Da na je na tarar da shi a zaure tare da hedimastan makarantar firamaren da ni ma a cikinta na koyi baƙi da wasali, da wata takarda mai ɗauke da jerin sunaye, nawa na cikinsu. Bayan gaisuwa mai unguwa ya ce, "Alhaji, mun sa ka a kwamitin makaranta, kai ne wakilin tsofaffin ɗalibai, kuma tun da kana riƙe da lissafin shago, ka riƙe mana ma'aji." Na ce, "Ranka ya daɗe, ai da an tambaye ni tukuna." Ya yi murmushi ya ce ai tambayar ce ake yi yanzu. Haka na shiga aikin da na yi shekara uku ina yi ba tare da an biya ni ko sisi ba, kuma tun da wa'adina ya ƙare mutane da dama da aka yi wa irin wannan tayi suke zuwa suna tambayata ko su karɓa. Shi ya sa na ga ya dace in auna wannan hidima kamar yadda mai saye yake auna kayan da ya daɗe yana amfani da su, in faɗi inda ta biya da inda ta gaza.

Kwamitin da nake magana a kai shi ne wanda ake kira SBMC, wato kwamitin al'umma mai sa ido kan tafiyar da makarantar gwamnati. Tushensa yana komawa ga shirin ilimin bai-ɗaya da Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato a 1999, da dokar da ta biyo baya a 2004, wadda ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta, shida a firamare uku a ƙaramar sakandare, ta kuma kafa hukumar UBEC mai kula da shirin a Abuja, da takwarorinta na SUBEB a jihohi, da ofisoshin ilimi na ƙananan hukumomi. A tsakiyar shekarun 2000 Majalisar Ƙoli ta Ilimi ta Ƙasa ta amince kowace makaranta ta kafa irin wannan kwamiti, amma a wurare da yawa abin bai wuce takarda ba sai da shirin ESSPIN, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2008, ya shiga jihohi shida da suka haɗa da Kano da Kaduna da Jigawa yana horar da mambobi. A tsarin, kwamitin ya bambanta da ƙungiyar iyaye da malamai, domin ita ta masu 'ya'ya a makarantar ce kawai, shi kuwa na gari ne gaba ɗaya: akwai kujerar mai unguwa ko dagaci, da ta malaman addini, da ta mata, da ta matasa, da ta masu sana'ar hannu, da ta tsofaffin ɗalibai, da ta malaman makarantar, har da ta ɗalibai biyu, namiji da mace, sannan hedimasta shi ne sakatare.

Aibin farko yana bakin ƙofa, wato yadda ake shiga. Labarin da na bayar a sama ba nawa ba ne ni kaɗai, domin da na yi bincike a zamanmu na farko na gano babu ko mutum ɗaya a cikinmu da jama'ar da yake wakilta suka zaɓa. Wakilin matasa ɗan ƙanin shugaban kwamiti ne, wakiliyar mata kuma an sa ta ne saboda gidanta ne ya fi kusa da makaranta. Ba na cewa mutanen banza ne, wasunsu ma sun yi aiki fiye da ni, amma wanda aka naɗa yana jin nauyin wanda ya naɗa shi, kuma idan hedimasta ne ya rubuta jerin sunayen waɗanda za su sa masa ido, to an riga an fafe gorar a karkace. A nan maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun yi mana nisa. Kwamitocinsu, waɗanda aka sani da COGES, sun samu ƙarfi ne bayan wani shiri da hukumar JICA ta Japan ta fara a jihar Tawa a 2004, kuma abin da shirin ya fi nacewa a kai shi ne a tara mutanen gari su zaɓi shugabannin kwamiti ta ƙuri'ar sirri, yadda talaka zai iya ƙin ɗan maigari ba tare da an ga hannunsa ba. Mu a namu ɓangaren an bar abin ga ladabi da kara, kuma kowa ya san kara ba ta barin mutum ya ce a'a a zauren mai unguwa.

Bayan wata biyu aka kira mu bita ta kwana uku a wata makaranta da ke hedikwatar ƙaramar hukuma. Wannan bita ita ce kusan duk abin da tsarin yake ba mamba kafin ya sake shi, don haka ta cancanci a yi mata adalci. Masu horarwar, jami'in wayar da kai daga ofishin ilimi da wata mata daga wata ƙungiya mai zaman kanta, sun san aikinsu, kuma matar musamman ta iya jawo magana daga bakin wanda bai saba magana a taro ba. Sun koya mana yadda ake rubuta bayanin taro, da yadda ake riƙe littafin shiga da fitar kuɗi, da yadda ake tsara shirin bunƙasa makaranta na shekara, wanda ke farawa da jera matsaloli sannan a ware wanda gari zai iya da kansa, da wanda sai an nemi taimako, da wanda aikin gwamnati ne tsantsa. Wannan rabe-raben gida uku shi ne abu mafi amfani da na ɗauko, kuma har yau ina aiki da shi a harkokin masallacinmu. Inda bitar ta gaza shi ne littafin jagora da aka raba mana da Turanci yake, alhali fiye da rabinmu ba sa karanta shi, sai ya zama limaminmu, mutumin da ya haddace Alƙur'ani yake kuma karantar da Risala, yana zaune yana juya takarda kamar baƙo. Sannan rana ta uku kusan rabinta ta tafi a gardamar kuɗin mota, abin da ya sa wasu suka koma gida da tunanin cewa aikin yana da alawus, suka kuma daina zuwa taro da suka gane babu.

Aikin gida da aka ba mu shi ne mu zagaya makarantarmu aji-aji a ranar karatu, ba tare da an share mana hanya ba. Na yi shekara da shekaru ina wucewa ta jikin katangar nan zuwa kasuwa, ina zaton na san abin da ke ciki, amma gani ya kori ji. A aji biyu yara sun fi ɗari, suna zaune a ƙasa gwiwa na gugar gwiwa, wasu a kan buhunan da suka zo da su daga gida, malama ɗaya tana tsaye a ɗan filin da ya rage tsakaninta da allo, allon kuma siminti ne da baƙin fentinsa ya koɗe har alli ba ya fitowa sai ta jiƙa yatsa ta goge ta sake rubutawa. Iskar farkon damina ta yaye kwano huɗu daga rufin, rana tana sauka a kan layi biyu na tsakiya, sai yaran da ke wurin suna ta matsawa suna bin inuwa kamar yadda awaki ke yi a gindin bango. Da muka zaga baya muka tarar da banɗaki ɗaya ne mai aiki, ƙofarsa a cire, kuma ɗalibar da ke cikin kwamitinmu, yarinya 'yar aji shida da tun safe ba ta ce uffan ba, ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, shi ya sa manyan mata ke tafiya gida in an fita tara, kuma ba sa dawowa." Mu dattawa mun zo da tunanin katanga da fenti, sai yarinya ta nuna mana inda ɗakin ke yoyo. Tun daga ranar na daina ɗaukar kujerar ɗalibai a matsayin ado.

Maganar kuɗi ita ce kowa ke fara tambaya, kuma ita ce aka fi yi mata mummunar fahimta. Kwamiti ba ya da kason da yake samu duk wata. Abin da ke akwai shi ne tallafin gyara da kan zo jefi-jefi, ko daga hukumar UBEC, ko daga shirye-shiryen masu ba da agaji irin su NIPEP, wanda ya yi aiki a Jigawa da Kaduna da Kano da Katsina da Sakkwato, ko AGILE na Bankin Duniya da ya fi karkata ga makarantun sakandare da karatun 'yan mata. A shekara ukun da na yi sau ɗaya muka samu, bayan cike takardu da jira na kusan shekara, wanda a cikinsa farashin siminti da kwano ya tashi har lissafin da muka gabatar ya zama tarihi. Amma tsarin riƙe kuɗin na yaba masa ƙwarai. Kuɗin yana shiga asusun makaranta a banki kai tsaye, ba ya fita sai shugaba da sakatare da ma'aji sun sa hannu, kuma an buƙaci gari ya kawo nasa kason, ko da kuɗi ko da kaya ko da ƙarfi. Birkilan da ke cikinmu ya yi aikin banɗaki a rabin kuɗin hannunsa, matasa suka yi gayyar ɗebo yashi daga rafi, wani mai sayar da katako ya ba mu azara bashi. Da abin da ɗan kwangila zai ce bai isa gyaran aji ɗaya ba muka rufe aji biyu, muka gina banɗaki mai ƙofa biyu na mata, muka gyara famfon tuƙa-tuƙa da ya shekara a lalace. Na manna kwafin kowane rasit a allon sanarwa na ofishin hedimasta, na kuma karanta lissafin a bainar jama'a bayan sallar La'asar. Duk da haka sai da na ji an ce Alhaji ya sake fentin shagonsa da kuɗin makaranta. Wanda ba zai iya haɗiye irin wannan ba, kada ya karɓi ma'aji.

Babban aibin tsarin, wanda ya fi na shiga girma, shi ne an ɗora wa kwamiti alhaki ba a ba shi iko ba. An ce mu sa ido kan zuwan malamai, muka kuwa sa. Muka raba kwanaki, kowane mamba yana da safiyar da zai je ya duba rajistar zuwa aiki da ƙarfe takwas, ya kuma leƙa azuzuwa ya ga ko wanda ya sa hannu yana ciki. A wata ukun farko abin ya yi tasiri sosai, domin yawancin malamai mutanen kirki ne da sakaci ya shiga saboda babu mai dubawa, kuma ganin dattijon unguwa a bakin ƙofa ya ishe su tunatarwa. Sai dai akwai wani malami da sai ranar da albashi ya shiga ake ganinsa. Muka yi masa nasiha a keɓe, muka haɗa shi da liman, muka rubuta wa ofishin ilimi takarda har sau uku, ba amsa. Ranar da na je da kaina, jami'in da na samu ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni kujera, ya ce, "Alhaji, mun gani, amma ka san yadda abubuwan suke." Na sani kuwa. Ƙarshen abin, malamar lissafi da muka fi alfahari da ita ce aka yi wa canjin wurin aiki ba tare da an ko sanar da mu ba, shi kuwa yana nan. Ɗaukar malami da canza masa wuri da ladabtar da shi duk suna sama. Ko a Kaduna, inda aka yi wa malaman firamare jarrabawa a 2017 aka sallami fiye da dubu 21, shawarar daga gwamnatin jiha ta fito, ba daga kwamitocin unguwanni ba. Amma idan yara suka faɗi jarrabawar shiga sakandare, mu iyaye ke tarewa a hanya, sai ka ga abin ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai kuma wani ƙulli da ba a warware mana ba. Dokar 2004 ta hana karɓar kuɗin makaranta, har ta tanadi tara ko ɗauri ga wanda ya karɓa, kuma haka ya kamata. Amma alli yana ƙarewa, rajista tana cika, maigadi yana buƙatar abin sayen batirin tocila, kuma abin da ake turo wa hedimasta na gudanarwa ba ya zuwa a kan kari. Sai kwamiti ya tsinci kansa yana neman gudummawar ganin dama, wadda dole a yi taka-tsantsan kada ta rikiɗe ta zama haraji a kan yaro. Mu dai mun yanke cewa ba za a taɓa tambayar ɗalibi kuɗi a aji ba, sai dai mu bi 'yan kasuwa da tsofaffin ɗalibai, kuma gaskiya sau da yawa aljihunmu ne ya cike giɓin.

Idan aka tambaye ni wane ɓangare ne ya fi biyan wahalarsa, ba gini zan nuna ba, zan nuna ƙaramin kwamitin mata. Da farko wakiliyar mata ba ta magana a gaban mai unguwa da liman, kamar yadda al'ada ta tanada, sai muka bi shawarar masu bita aka kafa zaman mata daban a gidanta, ita kuma ta riƙa kawo mana abin da suka yanke. Su ne suka shiga gida-gida, inda mu maza ba mu da hanyar shiga, suka gano yaran da sunansu ke rajista amma suna bakin tasha da farantin talla. Na taɓa raka Hajiya, wakiliyar matan, wani gida na tsaya a zaure, ina jin muryarta daga tsakar gida tana cewa, "Haba 'yar'uwa, ba cewa muka yi ki bar sana'arki ba. Ki dafa da rana ta fita da shi bayan an tashi, mu kuma za mu yi wa masu shagon layin nan magana su riƙa saye a wurinki." Uwar ta ce kayan ɗakin yarinyar take tarawa, kuma babu wanda zai tara mata. Hajiya ba ta kawo mata maganar doka ba, ko da yake dokar ta tanadi gargaɗi a karon farko ga iyayen da suka hana yaro karatu, sannan tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya a karo na biyu. Ta san ranar da aka kai maƙwabciya kotu a kan talla, ranar ce ƙofofin unguwa za su rufe mana. Maimakon haka sai ta sa ta a adashin matan kwamitin. Yarinyar ta dawo aji biyar, kuma bara na gan ta da kayan ƙaramar sakandare. Ba duk gidajen aka dace ba, wasu an koma sau huɗu ba a samu komai ba, wata kuma an ɗaura mata aure kafin mu ji labari.

Game da abin da aikin ke ci, a takarda taro ɗaya ne ko biyu a zangon karatu, amma a zahiri mai riƙe da muƙami ya sa ran safiya ɗaya a mako, ban da zirga-zirgar banki da ofis, da kuɗin mai da na buga takardu da ba mai mayar masa. Cikin mu da aka rubuta, waɗanda suka riƙe aikin har ƙarshe ba su fi shida ba. Ribar kuwa ita ce mutum yana sanin unguwarsu ta wata fuska da bai taɓa gani ba, yana kuma daina zagin malaman gwamnati a jimlace bayan ya ga mace ɗaya tana fama da yara ɗari daga safe har azahar.

Hukuncina shi ne hidimar ta cancanci a karɓa, amma da sharaɗi, kuma in da maki ake bayarwa zan ba ta uku cikin biyar: cikakken maki a wajen riƙon kuɗi da jawo mata da yara cikin shawara, rabi a wajen horarwa, kusan babu a wajen iko da yadda ake zaɓen mambobi. Ta dace da mai sana'ar da ke zaune a unguwa, da ma'aikacin da ya yi ritaya da sauran ƙarfinsa, da macen da ake jin maganarta a gidajen biki da suna. Ba ta dace da mai neman matakalar siyasa ba, ko mai tsammanin kwangila, ko wanda aikinsa ke hana shi ganin makarantar a lokacin da yara ke ciki. Wanda aka yi wa tayi ya tambayi hedimasta ya nuna masa littafin bayanin taro na shekarar da ta wuce, domin idan shafukansa fari ne to kwamitin je-ka-na-yi-ka ne, sannan ya tambayi su wa ke sa hannu a asusu, ya kuma nemi a kira taron gari a tabbatar da shi a gaban jama'a ko da an riga an rubuta sunansa.

Da wa'adinmu ya cika mai unguwa ya sake aiko yaron nan shagona. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, zan sake yi, amma sai an tara mutane a filin makaranta an kaɗa ƙuri'a, kuma a ƙara kujerun mata." Ya ce zai yi shawara da dagaci. Na miƙa littafin kuɗi da rasitai ga hedimasta a gaban shaidu biyu, da ragowar abin da ke asusu, da takarda ta huɗu da muka rubuta a kan rufin aji biyar, wanda har yanzu ake jiran amsarta kafin damina ta sauka.